Mun hana Baba aiki don tausayi, yanzu tashi daga darduma na gagararsa

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina roƙon masu sani su taimaka. Mahaifinmu shekararsa 78, manomi ne tun tasowarsa. Shekara huɗu da suka wuce ni da 'yan'uwana muka ɗauko shi daga ƙauye muka dawo da shi Kano, muka ce wahalar ta isa haka, ya zo ya huta. Ko buta ba ma bari ya ɗauka. Jikoki ke kai masa ruwan alwala, masallacin Juma'a kuwa a mota nake kai shi. Lokacin da ya zo, mutumin nan shi kaɗai yake cicciɓar rabin buhun gero ya ɗora a amalanke. Jiya da magariba ina kallonsa zai tashi daga darduma. Ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya laluɓo bango, sai a yunƙuri na uku ya miƙe. Cinyarsa duk ta zube, wando sai lilo yake a jikinsa. An auna shi ba shi da suga, hawan jinin kaɗan ne kuma yana shan magani.

Wani abokin aikina ya ce akwai wata likita, Maria Fiatarone, da ta sa tsofaffi 'yan shekara 90 a Amurka ɗaga ƙarfe har ƙarfinsu ya dawo. Da gaske ne? In gaskiya ne, me ya dace da Baba? Uwargida cewa take miƙe-miƙen jiki ne ya kamaci tsoho, ƙarfe na samari ne.

Dattijo_Bichi:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri da kuka riƙe mahaifinku. Amma don Allah kada ka ɗora wa mai shekara 78 ƙarfe. Tsufa ba cuta ba ce balle a nema mata magani. Ƙashin tsoho in ya karye ba ya ɗoruwa da wuri. Kada garin neman gira a rasa ido.

Maman_Ihsan:
Wallahi kamar labarin Innarmu kake bayarwa. Ina nan ina jiran amsa ni ma.

MalamWasanni:
Abban Hanifa, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Wannan fannin nake koyarwa, kuma duk ɗalibin da ya biyo ta ajina sai ya ji labarin binciken nan. An buga shi a 1990. Fiatarone tana aiki da cibiyar binciken tsufa ta Jami'ar Tufts a lokacin, ta shiga wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston ta zaɓi mutum 10, ƙaraminsu shekara 86, babbansu 96. Ba ƙarfafa ta zaɓo ba, raunana ne masu fama da cututtuka iri-iri, wasu da sanda suke tafiya.

Abin da suka yi guda ɗaya ne. Mutum ya zauna, a rataya nauyi a ƙafarsa, ya miƙe gwiwa ya sauke a hankali, sau takwas, ya huta, ya sake, har zagaye uku. Kwana uku a mako, tsawon mako 8. Nauyin kuma ba na wasa ba ne: ana fara gwada iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, sannan a ba shi kashi 80 cikin ɗari na wannan. Da ƙarfinsa ya ƙaru sai a ƙara masa. Mutum tara suka kai ƙarshe, kuma ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Biyu daga cikinsu sun ajiye sanda.

Abin da ya girgiza likitoci shi ne kafin nan kusan kowa ra'ayin Dattijo yake da shi, cewa tsokar tsoho ta gama aiki, sai dai a lallaɓa ta.

DanKarfe:
Allahu Akbar! Wato tsokarsu ta kusa ninka uku a wata biyu? Mu da muke shekara da shekaru a gidan ɗaga ƙarfe ba mu ga haka ba.

MalamWasanni:
A'a DanKarfe, ƙarfin ne ya kusa ninka uku, ba girman tsokar ba. Da aka ɗauki hoton cinyarsu, naman ya ƙaru da kashi 9 ne kawai cikin ɗari. Mafi yawan ribar makonnin farko daga jijiyoyi take fitowa, waɗanda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Kamar gona ce mai ma'aikata ɗari, amma an daɗe talatin kaɗai ake kira. Ranar da aka fara kiran sauran, aiki zai ninka ba tare da an ɗauki sabon mutum ko ɗaya ba. Sannan ka tuna daga ƙasa sosai suka fara. Wanda ke ɗaga kilo 7 ya koma ɗaga 19 ya kusa ninka uku, amma kai da ka riga ka yi nisa ba za ka ga irin wannan tsallen ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Da suka daina na mako huɗu, kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin ya tafi.

Dattijo_Bichi:
Malam, mutum goma fa ka ce. Ka tara mutum goma a Amurka, da injina, da likita tsaye a kansu, sannan ka ce a kwatanta da tsohon da ke zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo?

MalamWasanni:
Ranka ya daɗe, tambayarka a kan hanya take, kuma masana ma sun yi ta a lokacin, don mutanen kaɗan ne kuma babu rukunin da aka bari ba atisaye don a gwada da su. Shi ya sa ta sake yin wani a 1994 da mutum 100, masu shekara 72 zuwa 98, aka raba su ta ƙuri'a: wasu atisaye, wasu ƙarin abinci mai gina jiki, wasu duka biyun, wasu ba ko ɗaya. Bayan mako 10 masu atisayen ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 113 cikin ɗari, saurin tafiya da hawan matakala duk suka gyaru. Waɗanda aka ba ƙarin abincin kaɗai ba su ƙara ƙarfi ba. Maganar likita a kansu kuwa gaskiyarka ce, ban musa ba.

Fisiyo_Zariya:
Bari in shigo nan, don irin su Baba nake gani kusan kullum a wurin aiki. Abin da Abban Hanifa ya bayyana yana da suna, sakofeniya, wato zubewar tsoka saboda shekaru. Wani likita mai suna Irwin Rosenberg ne ya raɗa masa sunan a ƙarshen shekarun 1980. Tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara raguwa a hankali, bayan 60 abin ya ƙara sauri, zama wuri ɗaya kuma shi ke rura wutar.

Amma kafin komai, Yaya, ka mayar da shi asibiti ka gaya wa likita a fili cewa ya rame kuma ƙafafunsa sun yi rauni. Ba kowace rama ce ta tsufa ba. Ƙarancin jini, ciwon ƙoda, tarin fuka, matsalar zuciya, har da damuwa, duk suna zubar da mutum haka. In likita ya ce ba komai, to ba sai an je gidan ɗaga ƙarfe ba. Nauyin jikinsa ma ƙarfe ne.

Samo kujera mai ƙwari marar taya, ka jingina ta da bango. Ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi, a hankali, musamman wajen zaman, kada ya faɗa kanta jagwab. In sai ya dafa, ya dafa. Ko biyar ya yi ranar farko ya wadatar. In ya kai goma cikin sauƙi, ya harɗe hannu a ƙirji. In wannan ma ya zama wasa, ya rungumi galan ɗin ruwa mai lita biyar. Sai ya kama bango ya riƙa ɗaga dunduniya yana tsayawa a kan yatsu. Kwana biyu ko uku a mako, da hutun yini a tsakani. Kada ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, tunda yana da hawan jini, ya riƙa fitar da iska yana ƙirgawa da baki. Ciwon ƙirji, jiri, ko haki marar dalili, a tsaya nan take a nemi likita. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne.

Hajjo_Gombe:
Ni ina bayan uwargidan Abban Hanifa. Mamata shekararta 70, kullum da asuba tana miƙe ƙafafu da baya, kuma ta ce tana jin daɗin jikinta. Me zai sa a ce miƙa ba ta da amfani?

Fisiyo_Zariya:
Anti Hajjo, ba wanda ya ce ba ta da amfani, Mama ta ci gaba. Miƙa tana sa gaɓa ta buɗe, mutum ya iya sunkuyawa, ya sa riga, ya waiwaya. Amma Baba ba ƙagewa ce ta hana shi tashi ba, ƙarfin da zai ɗaga gangar jikinsa ne babu a cinyar. Ko ya wuni yana taɓo yatsun ƙafa, darduma za ta ci gaba da riƙe shi.

DanKarfe:
Mu dai tun muna firamare malamin wasanni ke cewa in ba ka miƙe jiki kafin gudu ba za ka yi targaɗe. Har yau haka nake yi, minti goma kafin in taɓa ƙarfe.

MalamWasanni:
Haka aka koya mana mu ma, muka koyar. Amma an gwada. A Ostireliya, Rodney Pope da abokan aikinsa sun ɗauki sabbin kuratan soja 1,538, aka raba su biyu, kowa na ɗumama jiki kafin atisaye amma rabi ne kaɗai ke ƙarawa da miƙe tsokokin ƙafa. Sakamakon ya fito a 2000, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen jin rauni. Abin da ya fi nuna wanda zai ji ciwo shi ne rashin juriyarsa tun daga farko.

David Behm na Jami'ar Memorial a Kanada ya shafe shekaru a kan wannan. Shi da wasu sun nuna cewa in ka ja tsoka ɗaya ka riƙe ta fiye da daƙiƙa 60 dab da fara wasa, ƙarfinta na ɗan raguwa na ɗan lokaci. In ƙasa da haka ne, kuma ka haɗa da ɗumama jiki, ragin bai taka kara ya karya ba. Don haka DanKarfe, minti gomanka ka kashe mafi yawansu a sassarfa da motsa gaɓoɓi, doguwar miƙa ka bar ta sai ka gama.

Injiniya_Sabo:
To ni kuma na ji an ce wasu Jamusawa sun gano miƙa kaɗai na ƙara girman tsoka. Wanne za mu kama ke nan?

MalamWasanni:
Konstantin Warneke kake nufi. Gaskiya ne, amma ka ji yadda aka yi: matasa ne aka ɗaure wa ƙafa da wata na'ura da ke ja musu sha-raɓa, awa guda cur kullum, har mako shida, kuma jan mai zafi ne. Tsokar ta ƙaru. Sai dai abin da awa bakwai a mako ta ba su, ɗaga dunduniya na 'yan mintuna kwana uku a mako zai ba ka kwatankwacinsa. Inda nake ganin zai yi amfani shi ne wanda ke kwance ba ya iya tashi. Ga Baba kuwa da ƙafarsa ke taka ƙasa, kujera ta fi.

Abu_Sumayya:
'Yan'uwa mu tuna Allah ya faɗa a Suratur Rum cewa ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi bayan raunin, sannan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Wannan ba makawa. Amma hakan bai hana riƙo da sababi ba. Kuma ku duba salla: raka'a 17 na farilla kullum, tsayuwa, ruku'u, sujada, zama, tashi. Wanda ya riƙe ta da kyau ai yana cikin motsa jiki.

Basakkwace:
Malam Abu Sumayya ka taɓo inda ka yi min ƙaiƙayi. Masallacinmu shekara goma baya kujera ɗaya ta, ta wani tsoho da ya yi hatsari. Yanzu sahun baya duk kujerun roba na, har da waɗanda ba su kai sittin ba.

Abu_Sumayya:
A yi hattara dai kada mu zargi mai uzuri. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ba mu san abin da ke gwiwar kowa ba.

Fisiyo_Zariya:
Haka ne Malam. Mai amosanin gwiwa da sujada ke sa shi hawaye, kujera rahama ce gare shi. Abin da nake roƙon irinsu shi ne in sun zauna a salla, to su nemo tashin da suka rasa a wani wuri, don gwiwa mai ciwo ta fi kowace buƙatar cinya mai ƙarfi. Salla tana riƙe abin da ke akwai. Amma tsokar da ta riga ta zube, sai an ba ta aikin da ya ɗara wanda ta saba kafin ta dawo.

Nas_Mai_Dare:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwanciyar asibiti. A kawo tsoho da ƙafarsa saboda zazzaɓi ko ciwon huhu, ya yi kwana goma, ciwon ya warke, a fitar da shi a keken guragu. 'Yan'uwa sun kewaye gadon, wannan na ba shi ruwa a baki, wancan na kawo masa fo, in na ce a tashe shi ya taka zuwa bakin ƙofa sai a harare ni, a ce ba ni da imani. Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa, ranar da aka kawo ta ita ta riƙo ledar kayanta. Ranar sallama 'ya'yanta maza biyu ne suka ɗauke ta cak. An yi bincike a Amurka a 2007, aka kwantar da tsofaffi masu lafiya ƙalau, 'yan wajen shekara 67, kwana goma a gado. Kusan kilo guda na tsoka suka rasa daga ƙafafu kaɗai. Masu lafiya fa, ina ga marar lafiyar da ba ya cin abinci?

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Kakata tana wani ƙauye kusa da Tasawa, ta haura 80. Har yau ita ka daka hatsinta, ta ja guga, ta tafi kasuwa a ƙasa. Ƙanwarta da ɗiyanta suka kai Yamai, ga ta nan sai an tallabe ta. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba mu buƙatar lokotoron Amurka ya gaya muna wannan.

Maman_Ihsan:
Ɗan Maraɗi, Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, amma kada mu mayar da wahala ado. Ni a ƙauye na tashi. Na ga matan da daka da itace da tulu suka ranƙwafar tun suna 55, bayansu ya lanƙwashe, ga haihuwa goma, ga tuwo da miyar kuka ba nama. Ka ga kakarka ne don ita ta rage. Sa'o'inta da aikin ya kayar ba sa nan balle ka lissafa da su. Abin da Fisiyo ke faɗa akwai awo, akwai hutu a tsakani. Surfe ba ya ba ka hutun yini.

Dan_Maradi:
Hajiya kin yi gaskiya, ban ce a mayar da su gona ba. Cewa nike a bar musu wani abu a hannu.

Uwar_Gida_Jos:
Tunda an zo maganar tuwo, abinci fa? Surukina koko da safe, tuwo da dare, shi ke nan. Nama ya ce haƙori ba ya iyawa.

Fisiyo_Zariya:
Wannan babbar matsala ce. Jikin tsoho ba ya cin moriyar furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kamar na yaro, don haka buƙatarsa ta fi, ga shi kuma shi ne cinsa ke raguwa. Wani kwamitin masana a 2013 ya ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana ga wanda ya wuce 65. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya na ɗauke da wajen giram 6 na furotin. Ba sai nama ba: kokon nan a haɗa masa da ƙosai, a dama fura da nono mai kauri, alala, awara, faten wake, dakakken kifi a miya, garin ƙuli-ƙuli. A rarraba safe, rana, dare. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zan ce kada a ƙara masa sai da izinin likitansa.

Injiniya_Sabo:
Da tsadar ƙwan nan ta yanzu? Wake da awara dai, su ne na talaka.

TsohonMalami:
'Ya'yana, ku bari wanda abin ya shafa ya ce wani abu. Jikata ce ke karanta mini, ita ke rubutawa. Shekarata 74, na yi 35 ina koyarwa. Da na ajiye aiki sai na zama ɗan zaman benci, daga ƙofar gida sai masallaci. Wata rana a wajen ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi, aka shafa fatiha kowa ya watse, ni na kasa tashi. Wani yaro da na koyar a aji uku ne ya zo ya ɗago ni. Ya yi don girmamawa, Allah ya yi masa albarka, amma daren nan ban yi barci ba.

Wata takwas ke nan ina yin tashi-zauna a kujera, Litinin, Laraba da Asabar bayan na dawo daga asuba. Na fara da huɗu, ƙafata na rawa. Yanzu ina yin sha biyu sau uku, da jakar littattafai a ƙirji. Ban koma saurayi ba, gwiwar hagu na nan da ciwonta. Amma ina tashi daga tabarma da dafa hannu ɗaya.

Abban Hanifa, abu guda zan gaya maka. Mu tsofaffi in kuka karɓe mana komai ba ma iya cewa a'a, don mun san ƙauna ce. Shiru muke yi. Ka tambayi mahaifinka me yake kewa.

Hajjo_Gombe:
Baba Malam ka sa ni ƙwalla. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

DanKarfe:
Baba Malam, wannan tashi daga tabarmar akwai gwajinsa ma. Ka zauna a ƙasa ka tashi ba dafawa, an ce yana nuna tsawon rai.

MalamWasanni:
Tsawon rai na Allah ne, amma gwajin akwai shi. Claudio Gil Araújo ne a Rio de Janeiro ta Brazil ya yi shi da mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80. Maki goma ne, duk dafa hannu ko gwiwa a cire ɗaya. Masu maki 3 zuwa ƙasa sun fi masu 8 zuwa sama yawan rasuwa sau biyar zuwa shida a shekarun da aka bi su. Haka ma ƙarfin damƙar hannu: wani babban bincike da aka buga a 2015, na mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna duk ragin kilo 5 a damƙa na tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa. Amma a fahimta, alama ce, kamar yadda ma'aunin zafi ke nuna zazzaɓi. Matsa ƙwallon roba ba zai ƙara wa kowa kwana ba. Kuma don Allah kada wani ya je ya sa kakarsa wannan gwaji a kan tayil ita kaɗai.

Alhajin_Bana:
Ga masu niyyar kai iyaye Makka, ku fara shiri tun wata shida kafin tafiya. Safa da Marwa kaɗai sawu bakwai wajen kilomita uku ne, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa daga tanti. Na ga dattawan da suka yi shekara ashirin suna tara kuɗi, suka ƙare a keken turawa, ba don ciwo ba sai don ƙafa ta mutu.

Dattijo_Bichi:
Na karanta duka. Maganar kujera ban ƙi ta ba, ta fi abin da na zata da farko. Amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Ranar da maƙwabta suka ga Alhaji da galan a ƙirji yana haki, ko yana tafiya masallaci a rana ga motar ɗansa a ajiye, me za a ce? Za a ce 'ya'yansa ba su san darajarsa ba. Bakin mutane ma ciwo ne.

Uwar_Gida_Jos:
Wallahi Baba wannan ita ce gaskiyar. Na taɓa barin surukata ta wanke kwanonta da kanta don ita ta nema, kafin la'asar labari ya kai dangi cewa na mayar da ita 'yar aiki.

Nas_Mai_Dare:
Masu maganar ba su za su zo juya shi a gado ba in ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da na daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. Faɗuwar nan ita nake tsoro. Tsoho ya zame a banɗaki ƙugu ya karye, da yawa ba sa sake takawa.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Baba Malam. Bayan isha na zauna kusa da shi na ce, Baba me kake kewa a gida? Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Can ya ce, awakina. Ya ce da can kafin rana ta fito ya yanko musu ciyawa, ya ba su ruwa, ya share turke, yanzu kuwa in ya idar da asuba sai ya zauna jiran azahar. Ban taɓa jin ya faɗi haka ba a shekara huɗun nan.

Na karɓi kati, ranar Alhamis za mu ga likita kamar yadda Fisiyo ya ce. Maganar kujera na gwada masa, ya yi murmushi ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Akwai ɗan fili a bayan gida, ina tunanin in sayo tunkiya biyu in kafa turke. Yayarmu ta riga ta kira ta ce ba da yawunta ba.

Fisiyo_Zariya:
Tumakin za su fitar da shi daga ɗaki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba za su maye gurbin kujerar ba, cinyar na buƙatar nata aikin daban. Gwada yi tare da shi, kai da yaran, kada ya ji shi kaɗai aka ware. Bokitin ruwan kuma a fara da rabi.

Dattijo_Bichi:
Yayar taku ku zauna da ita tukuna, ita ma tausayi ne. Kuma a gyara ƙasan wurin, kada igiya ta harɗe shi.

Maman_Ihsan:
Fisiyo, ita Innarmu ko daga kujerar ba ta iya tashi sai an kama ta. Daga ina za mu fara? Akwai abin da za ta yi tana zaune a bakin gado?